Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wasiƙun da Suka Fita a Kwandon Burodi

A makon jiya na tsaya ne a inda na sauka Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, a ƙarshen 2013, na kama ɗaki a garin Maynooth domin karatun digiri na biyu a fannin shari'a. Malamar da ke duba aikina, duk da akwai imel, ba ta gama karanta babi sai ta rubuto mini wasiƙa da hannu, ta rufe da gaisuwa cikin Gelik, harshen asali na ƙasar Ailan, wanda tsarin mulkinsu na 1937 ya ɗora gaba da Ingilishi, ko da yake da Ingilishi yawancinsu ke hira a gida da kasuwa. A ƙasan wasiƙarta ta uku ne ta ce in leƙa ɗakin karatu na jami'ar, domin akwai amanar wani ɗan ƙasarmu a ajiye.

Wasiƙu 28 ne da Ken Saro-Wiwa, marubucin da ya yi fafutukar kare haƙƙin ƙabilarsa ta Ogoni a yankin Neja-Delta, ya rubuta wa Sista Majella McCarron, ma'aikaciyar cocin Katolika 'yar Ailan da ta shafe kimanin shekara 30 tana aiki a Nijeriya, ita kuma ta miƙa su ga jami'ar a 2011. Yawancinsu yana tsare a hannun sojoji ya rubuta su, aka riƙa fito da su a ɓoye cikin kwandon burodi. Ma'aikaciyar wurin ta karɓi birona ta ba ni fensir, sannan ta shimfiɗa takardun a gabana ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shimfiɗa jariri. Na daɗe ina kallon rubutun kafin in iya karanta layin farko.

Ranar 10 ga Nuwamba 1995 da aka rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal ina ɗan sakandare a Zariya, mun ji labarin a rediyo, muka ɗauka rigimar man fetur ce ta mutanen Ogoni wadda ba ta shafe mu ba. Ban ji nauyin wannan sakaci ba sai da na ga baƙuwa ta riƙe maganar mutumin shekara da shekaru, alhali mu da muke ƙasa ɗaya da shi ko shari'ar ba mu bi ba. Kotun musamman ce gwamnatin soja ta kafa, ba ta kuma bar ƙofar ɗaukaka ƙara ba, abin da ya sa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta ce a 1998 an saɓa wa yarjejeniyar nahiyar.

A daren nan na rubuta wa mahaifina shafi huɗu, shi da ya yi ritaya yana magatakardan kotu. Amsarsa ta iso bayan mako biyar, a takardar da ya yago daga littafin makaranta. Bayan gaisuwa da labarin girbi ya ce: "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Na yi shekara 32 ina rubuta hukunci, ban taɓa ganin alƙalin da ba ya kuskure ba, saboda haka duk inda ka ga an toshe hanyar ɗaukaka ƙara, kada ka yi shiru."

Na fassara wa malamata wannan sakin, ta nemi in bar mata kwafi, kuma a kansa muka sauya batun kundina gaba ɗaya. Yadda sauyin ya kai ni birnin Galway zan kawo shi mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.