Ɓeran da ya tsayar da katafila

Ƙanena da ke aikin gine-gine a Ingila ya kira ni ranar Juma'a da la'asar. Na ce ya aiki? Ya ce, "Yaya, aiki ya tsaya, ɓera ne ya tsayar da mu." Dariya na yi har sai da uwargida ta leƙo daga madafi.

Ashe da gaske yake. Wani ɓeran bakin ruwa ne, ɗan dunƙulalle mai gajeren hanci, kunnuwansa a ɓoye cikin gashi, girmansa bai kai rabin gafiya ba. A gaɓar rafi yake haƙa raminsa, ciyawa yake ci, ba ruwansa da buhun kowa. Da can ya cika ƙoramun ƙasar, yanzu kuwa ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100. Wata dabba mai kama da tunku da aka kawo daga Amurka ana kiwonta don fatarta ce ta kuɓuce ta shiga daji, macenta kuma siririya ce, har cikin rami take binsa. Abin da ya rage, masu daddaɓe bakin rafi da siminti suka ƙarasa.

Dokar kare namun daji ta 1981 ce ke tsare shi, aka ƙara mata ƙarfi a 2008: kashe shi laifi, rushe raminsa ma laifi. Kafin katafila ta shiga fili, sai masani ya bi gaɓa a tsugune yana neman kashinsa da guntayen ciyawar da ya gatsa a karkace. In an gani, ko dai a ja gini baya, ko a nemo lasisi. Wani lokaci a farkon shekara, kafin ya fara haihuwa, ake sare ciyawar wurin don ya tashi da kansa. Wani lokaci kuma tarko ake ɗana masa da tuffa da karas, a kai shi wani rafin. Karas fa, jama'a!

Da muka yi sallama sai dariyar ta ɗauke mini. Na tuno fadamar da ke bayan gidanmu a nan Bauchi. A nan muke kamun tarwaɗa da hannu idan ruwa ya ja baya, a nan na fara ganin guza ya faɗa ruwa, tsulum. Da damina kukan kwaɗi ba ya barin baƙo barci, mu kuwa mun saba.

Wata shekara aka yanka ta fuloti-fuloti. Ina tsaye tifa ta farko ta juye jar ƙasa a kan kainuwa, kwaɗi na ta tsalle suna hawa titi. Ban ce uffan ba, don ni ma har na tambayi farashi. Mu ma muna da dokar duba illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992, amma ban ga wanda ya tsuguna ya duba ko rami ɗaya ba.

Ruwan dai bai manta hanyarsa ba. Bara cikin Agusta da tsakar dare ya shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa, muka kwana muna kwalfewa da bokiti, katifar yara a kan tebur. Har yanzu shatinsa na nan a bangon zaure, daidai gwiwata.