Tsohon faifan DVD ko Blu-ray: abin dubawa kafin a kashe kuɗi

Ranar da aka sauke tsohon talabijin mai ƙaton baya aka kafa na bango, inci 43 ko 55, ranar ake fara ganin laifin faya-fayan gida. Fim ɗin da aka saba kallo garau sai ya koma dishi-dishi, mutanen ciki su yi faɗi su gajarce, wuraren duhu su farfashe gida-gida. Daga nan sai a yanke hukunci cewa faifan ne ya tsufa, a nemo mai HD. Wani lokaci hukuncin daidai ne. Sau da yawa kuwa ɓarnar kuɗi ce, domin matsalar tana jikin waya da saiti, ko kuma fim ɗin tun asali ba shi da wani hoton da ya wuce wanda ke kan faifan.

Hoton allo tarin ɗigo-ɗigo ne. Faifan VCD, wanda ya fito a 1993, yana ɗauke da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye a tsarin PAL da Najeriya ke amfani da shi, kuma ba ya wuce minti 74 zuwa 80, shi ya sa dogon fim ke zuwa a faifai biyu. DVD ya fito a Japan a 1996, ɗigonsa a tsarin PAL 720 da 576 ne, yana cin gigabait 4.7, ko 8.5 in mai hawa biyu ne. Blu-ray ya zo a 2006 da 1920 da 1080 a kan gigabait 25 ko 50, wato ɗigonsa ya ninka na DVD sau biyar cif. Na 4K da ya biyo baya a 2016 ya sake ninka na Blu-ray sau huɗu. Tsohon talabijin ƙarami ne, kuma yanayin haskensa yana shafe aibu. Na bango ba ya rufa wa kowa asiri: zai ɗauki ɗigo dubu ɗari da ɗaya na VCD ya shimfiɗa su a allon da ke da gurbin miliyan biyu ko takwas, ya cike sauran da kintace.

Amma babbar tambaya ba girman faifai ba ce. Da me aka ɗauki fim ɗin? A nan ne mafi yawan masu saye ke faɗawa rami.

Fina-finan Amurka, Indiya da Hong Kong na shekarun 1960 zuwa 1990 kusan duk a zaren fim na milimita 35 aka ɗauke su. Wannan zare yana riƙe da bayanin da ya fi ƙarfin DVD nesa ba kusa ba. Idan aka ɗauko ainihin zaren da ya fito daga kyamara, aka wanke, aka sake ɗaukar hotonsa ɗaya bayan ɗaya da na'urar 2K ko 4K, za ka ga saƙar tufafi, gumin goshi, rubutun allon shago can nesa, abubuwan da ba ka taɓa sanin suna cikin fim ɗin ba. Irin wannan ya cancanci a saye shi sabo. Muna da misali a gida: Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a zaren fim aka ɗauke shi. Da aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Gyaran ya yiwu ne saboda akwai abin tonowa a jikin zaren.

Fina-finan Hausa na bidiyo da aka fara a Kano tun 1990 labarinsu daban. Na farko-farko a kaset na VHS aka ɗauke su, daga baya aka koma ƙananan kaset na MiniDV, wanda iyakarsa ɗigo 720 da 576, daidai da DVD. Babu wani ɓoyayyen hoto da ke jiran a fito da shi. Kofin DVD mai kyau da aka buga daga uwar kaset shi ne ƙarshen abin da za a samu. Duk wanda ya miƙo maka fim ɗin Hausa na 2003 ya ce HD ne, buɗa hoton kawai ya yi da kwamfuta. In kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ya yi aikin, ka lura da fuskokin da ke nesa da kyamara: ido da haƙora sukan fito a wata siffa da ba ta ɗan wasan ba, fata ta yi sulɓi kamar an shafe ta da kakin zuma, domin manhajar zana abin da take zato take yi. A ganina tsohon hoton mai ɗan hazo ya fi wannan mutunci, tunda shi ne abin da mai kyamara ya ɗauka.

Akwai kuma abin da sabon faifai ba zai ba ka ba ko nawa ka biya. Fassarar Hausa da aka ɗora wa fina-finan Indiya a tsoffin faya-fayai da fayilolin masu tura fim take. Blu-ray na asali da harshen Hindi zai zo, da rubutun Turanci a ƙasa. Wanda muryar mai fassara ce ta sa ya so fim ɗin, kada ya rabu da tsohon kofinsa.

Kalmar HD a jikin kwali ko sunan fayil ba ta tabbatar da komai. Abin da ke riƙe hoto shi ne yawan bayanin da ke gudana a kowace daƙiƙa. DVD na asali yakan ba da megabit 4 zuwa 8, iyakarsa 9.8. Blu-ray yakan kai 20 zuwa 40. Fim na awa biyu da aka matse ya koma megabait 300 don ya shiga memori, lissafinsa bai kai rabin megabit ɗaya a daƙiƙa ba. Ko an rubuta 1080 a sunansa, da an zo wurin rawa, ruwan sama ko faɗa cikin dare, hoton zai wargaje. Haka faifan nan mai fim goma ko ashirin a ciki: an raba gigabait 4.7 ko 8.5 ga fina-finai ashirin, kowanne bai samu abin da VCD ke samu ba. Irin waɗannan ne suka ɓata wa DVD suna. Mutum ya gwada DVD na asali mai fim ɗaya tal kafin ya ce DVD ba ya kyau.

Sai batun waya, wanda shi ne gyara mafi arha. Wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, mai ruwan ɗorawan kaɗai ke ɗaukar hoto, kuma tana cakuɗa haske da launi a layi guda. Ita ke sa gefen rubutu yana rawa, jan launi yana malala. Idan bayan na'urar akwai ramin HDMI, a yi amfani da shi. Waya mai mita ɗaya da rabi ta talakawa ta isa, mai tsada ba ta ƙara ko ɗigo ɗaya. In babu, a duba ramuka uku masu kore, shuɗi da ja da aka rubuta Y, Pb, Pr a kansu, in talabijin ɗin ma yana da su. Sun fi mai ruwan ɗorawa sosai.

Bayan waya a ɗauki rimot a shiga saitin na'urar DVD, a gaya mata talabijin ɗin 16:9 ne, wato mai faɗin allo. Da yawa suna fitowa a 4:3, wato fasalin tsohon talabijin, sai su matse fim mai faɗi su sa masa baƙi sama da ƙasa, talabijin kuma ya sake miƙe shi. Tsohon fim da aka ɗauka a 4:3 dole ya bar baƙi a hagu da dama. Haka yake, kada a cika allo da shi, nan ne mutane ke yin faɗi. A talabijin, a zaɓi yanayin Movie ko Cinema, a sauke Sharpness ƙasa sosai domin shi ke zana farin layi a gefen fuska yana fito da datti, a kashe abin da ke sa motsi santsi, wanda Samsung ke kira Auto Motion Plus, LG kuma TruMotion. Sannan a gwada abu biyu: na'urar ta fitar da 576p talabijin ya buɗa da kansa, ko ita ta buɗa zuwa 1080p. Wanda ya fi kyau a ido shi za a bari. Galibi talabijin mai kyau ya fi na'urar DVD mai arha iya wannan aiki.

Nisan zama ma yana da hukunci. Ido mai lafiya yana cin cikakkiyar ribar 1080 ne idan nisansa bai wuce tsawon allon daga kusurwa zuwa kusurwa sau ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya ba: kamar mita 1.3 ga inci 32, mita 1.7 ga inci 43, mita 2.2 ga inci 55. A falon da ake zama mita 3 daga talabijin inci 32, bambancin DVD mai kyau da Blu-ray ɗan kaɗan ne, balle yawancin masu inci 32 ɗin allonsu 1366 da 768 ne, bai ma kai 1080 ba. A inci 55 kuwa bambancin a fili yake ko daga bakin ƙofa.

Wanda ya yanke shawarar shiga Blu-ray ya san cewa na'urar DVD ba ta karanta shi. Hasken idonta, wato abin da ke karanta faifai, ja ne, na Blu-ray shuɗi ne siriri. Na'urar Blu-ray tana karanta DVD, amma ba kowacce ke karɓar VCD ba, don haka tsohuwar na'ura ta zauna a gida. Sai kulle na yanki, wanda ke hana faifan wani yanki na duniya aiki a na'urar wani yankin. A DVD Najeriya da Nijar suna yanki na 5, Amurka na 1, Turai na 2, sai dai na'urori masu arha da suka cika kasuwanninmu yawanci ba ruwansu da wannan. Blu-ray ya fi tsanani: Afirka da Turai yankin B, Amurka A, Indiya da Sin C. Na'urar da aka kawo ta hannu daga Amurka za ta iya ƙin faifan Ingila, ta ƙi DVD na PAL, kuma in an rubuta 120V kaɗai a bayanta, jona ta a wutarmu ta 230 ba tiransifoma ƙonewa ne nan take. Faifan 4K ba shi da kullen yanki. Mai PS3 ko PS4 yana da na'urar Blu-ray a ɗaki, illa PS4 ba ta karanta CD da VCD, kuma tana neman intanet sau ɗaya kafin ta fara kunna fim. Kafin sayen tsohon fim a Blu-ray a karanta bayan kwali a ga ko an ce sabon ɗauka ne daga ainihin zare. Wasu kamfanoni tsohon kofin zamanin DVD suke gogewa su sake bugawa.

Tsoffin faya-fayan kuwa suna mutuwa, kuma da yawa daga fina-finan Hausa da aka saya a Ƙofar Wambai ba za a sake buga su ba. Juya faifai ka dubi ƙasansa: mai ruwan azurfa yawanci bugun masana'anta ne, yana daɗewa, mai ruwan shunayya ko shuɗi-shuɗi ƙonawa aka yi da kwamfuta a kan rini, kuma zafi da rana suna cinye rinin. Irin wannan shi za a fara kwafewa. A VCD bayanin yana dab da gefen da aka yi zane, saboda haka karce ta sama ya fi karce ta ƙasa haɗari, kada a yi rubutu da biro a kai. A DVD bayanin yana tsakiya, tsakanin roba biyu masu kaurin milimita 0.6, abin tsoro shi ne lanƙwasa shi wajen cirewa daga kwali har mannin ya buɗe. Gogewa da ƙyalle mai laushi ake yi, daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe. Gogewa a zagaye tana jan karce a kan layin da ido ke bi, shi ke sa fim ya cije. Mai maiƙo a wanke da ruwa da ɗigon sabulun ruwa, a bar shi ya bushe sarai. A ajiye su a tsaye cikin kwali, nesa da taga da saman na'urar da ke ɗaukar zafi.

Idan na'ura ta fara rubuta No Disc ga kowane faifai, musamman bayan hunturu, ƙura ce a ido. A zare wuta, a kwance murfi, a taɓa idon a hankali da auduga mai ɗan sifirit, a jira minti biyar. In tana karanta VCD tana ƙin DVD, hasken DVD ɗin ne ya raunana, domin kowanne da nasa. Sai mai gyara ya sauya idon gaba ɗaya. Tiren da ya ƙi fitowa kuwa yawanci ɗan bel ɗin roba ne ya saki. Kuma a riƙa kashe na'ura kafin a juya layi zuwa janareto.

Kwafewa ba wuya ga faya-fayan gida marasa kulle. A kwamfuta mai ramin faifai, ko da na waje mai USB, a buɗe VCD a shiga jakar MPEGAV a kwashe fayilolin da suka ƙare da DAT; manhajar VLC tana kunna su. A DVD a kwashe jakar VIDEO_TS dungurungum, kada a taɓa komai a ciki. Hadis, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta (hard disk), mai terabait ɗaya zai ɗauki DVD mai hawa ɗaya kusan 200, VCD kuwa fiye da dubu. In ana son ƙaramin kofi na waya, a yi shi da manhajar HandBrake a bar shi a 576, a kunna Deinterlace don layukan da ke fitowa kamar haƙoran matsefi wajen motsi su ɓace, amma ainihin jakar ta zauna yadda take. A ajiye kofi biyu a hadis biyu daban, ɗaya ba a jone da wuta ba, kuma faifan da ya fara cijewa a tsakiya shi ne na farko a layi.