CATCH ya mayar min da tsayin sitak, bai mayar min da kayana ba

Sati biyu kenan ina fama da wani ɗan furogiram da na rubuta da Forth, abin ba wani babba bane, fayilolin da na'urar solar ɗinmu take ajiyewa na ƙarfin batir yake karantawa ya fitar min da matsakaicin kowace rana. Nasan wani zai ce to me ya hana ka Python, wlh babu wani dalili, kawai dai yaren ne ya shiga raina tun da na saka Gforth, manhajar da ke gudanar da Forth, a laftof ɗina, kuma mutum in yana wasa ai ba a tambayarsa dalili.

Ga wanda bai taɓa gani ba, Forth yare ne da Charles Moore ya ƙirƙira wajen 1970, kuma kusan komai a cikinsa akan sitak yake tafiya. Sitak ɗin nan kamar jeren kwanukan ɗakin amarya ne, na sama shi hannu yake fara kaiwa, in kana son na ƙasa sai ka sauke na samansa. In ka rubuta 5 3 + to ka ɗora 5, ka ɗora 3, sai + ta sauke su biyun ta ɗora 8 a gurbinsu. Shikenan yaren, sauran duk ƙari ne.

Matsalar ta fara ne ranar da batir ya mutu gaba ɗaya, na'urar ta buɗe fayil ɗin ranar amma bata rubuta komai a ciki ba. Furogiram ya zo raba jimla da adadi, adadi kuwa sifili, sai Gforth ya watso min kuskuren rabawa da sifili ya tsaya cak, sauran kwanakin watan ko kallonsu bai yi ba. Nace to lokacin koyon CATCH da THROW ya yi.

Su biyun suna cikin ƙa'idar ANS Forth ta 1994, kuma sunan da ake yawan haɗawa dasu shine Mitch Bradley, mutumin Open Firmware, furogiram ɗin da ke tayar da wasu kwamfutoci in an kunna su, wanda shima da Forth aka gina shi. Abin da ya ban dariya shine waɗannan ƙananan kwamfutocin XO masu launin kore da aka raba wa yara a wata firamare a Abuja a 2007 da Open Firmware suke tashi, wato Forth ya riga ni shiga aji a ƙasar nan ban sani ba.

Yadda suke aiki babu wahala a baki. Kana ba CATCH kalmar da kake so ya gudanar, in ta gama lafiya ya ɗora maka 0 a saman sitak, in kuma wani abu a can ciki ya yi THROW da wata lamba, komai zurfin inda yake, sai a dawo daidai bayan CATCH ɗin da wannan lambar a sama. Lambobin -1 zuwa -255 ƙa'ida ta riƙe su, -4 kenan ka ɗebi abu a sitak alhali babu komai, -10 rabawa da sifili, -13 kalmar da ba a sani ba. Abin da yafi burge ni shine 0 THROW baya yin komai, sauke sifilin kawai yake ya wuce, shi yasa a Gforth zaka ga ana rubuta open-file throw, in fayil ya buɗu an samu 0 an wuce, in bai buɗu ba lambar kuskuren ta tashi sama da kanta ba sai ka tsaya kana IF da THEN a kowane layi ba.

To na nannaɗe lissafina da CATCH, furogiram ya daina mutuwa, na ji daɗi har na tashi na haɗa shayi. Da na dawo na duba sakamako sai naga a ranar da babu bayanai ya rubuta min wai "rana ta 0 ba ta da bayani", kuma ni babu wata rana ta 0 a watana. Na kusa awa biyu ina zargin na'urar, ina zargin fayil, ashe ni ne.

Abin da na ɗauka shine tunda CATCH yana mayar da sitak yadda yake, to lambar ranar da na ɗora kafin in kira shi tana nan inda na barta. Ashe tsayin sitak ɗin kaɗai yake mayarwa. Duba wannan:

: gwaji ( a b -- c ) + 0 / ;
5 3 ' gwaji catch

Kafin a shiga akwai abu biyu, 5 da 3. A ciki + ta cinye su ta rubuta 8 a gurbin 5, sai aka ɗora 0 a gurbin da 3 take, sai rabawa ta fashe. THROW ya dawo da tsayin zuwa biyu ya ɗora -10 a kai. Gurabe biyu suna nan, amma in ka bi lissafin abin da ke kwance a ciki 8 da 0 ne, 5 da 3 sun tafi. Kuma ita ƙa'idar bata ma yi alƙawarin 8 da 0 ɗin ba, cewa ta yi kada ka dogara da abin da ke wurin, ka zubar kawai. Kamar ka ba yaro aron kwano biyu da miya ne ya dawo maka da kwano biyu cif, ba zaka ce ya ci amana a lissafi ba, amma kar ka zuba wa baƙo abin da ke ciki.

Da na karanta yadda ake gina CATCH ɗin sai naga ai dole hakan ta faru. Layi kaɗan ne, yana adana inda sitak ya tsaya da inda CATCH na baya yake akan sitak na biyu, wato wanda ake ajiye adireshin komawa, sai ya gudanar da kalmarka. THROW kuma ya ɗauko waɗannan alamomin ya mayar da su. Babu inda aka kwafi kayan ciki, kuma inaga daidai ne, don Forth a ƙananan na'urori masu ƙaramar ƙwaƙwalwa yafi zama, in ance duk CATCH sai ya kwafe sitak ai an kashe amfanin yaren.

Gyaran bai fi minti biyar ba, na ajiye lambar ranar a gefe da >r, kalmar da ke kai abu sitak na biyu, kafin CATCH, bayan an dawo na zubar da tarkacen da 2drop sannan na ɗauko abata. Ina cikin haka na lura da matsala ta biyu, duk ranar da aka yi THROW fayil ɗin baya rufuwa saboda an tsallake layin close-file, kuma Linux yawanci fayil 1024 yake bari furogiram ɗaya ya buɗe a lokaci guda, da sai wata rana can ya fashe min ina neman dalili. Yanzu haka nake rubutawa:

: aiki ( fid -- ) dup >r ['] karanta catch r> close-file drop throw ;

Wato ko an yi kuskure ko ba a yi ba sai an rufe fayil, sannan throw na ƙarshe ya miƙa kuskuren gaba in akwai, in 0 ne ya yi shiru.

Daga baya na leƙa maƙwabta don inga yadda suke yi. PostScript na Adobe, yaren da firintoci suke ji, yana da stopped, yana dawo maka da true ko false ne kawai kuma shi ko tsayin baya gyara maka, duk abin da aka bari a sitak yana nan sai ka share da kanka, shi yasa suke ɗora mark tun farko su yi cleartomark daga baya, sunan kuskuren kuma ka je $error ka duba. Injin Java shi kuma sharewa yake gaba ɗaya, ya kwashe sitak ɗin aikin da ya kama kuskuren ya ɗora kuskuren shi kaɗai. A cikin ukun na Forth ne yafi saurin yaudarar sabon shiga irina, don .s, kalmar da ke nuna abin da ke kan sitak, zai nuna maka adadi daidai, ka ɗauka komai lafiya.

Har yanzu akwai fayilolin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta layi, rabin lamba ne a ƙarshensu, su ba sifili bane balle a samu -10, furogiram karɓa yake ya haɗa da lissafi, shi yasa matsakaicin ranar Laraba ya fito ƙasa sosai. Zan ware musu lamba tawa in riƙa THROW da ita, amma sai an kawo wuta, laftof ɗin saura 9%.