Kafin Ka Damƙa wa Lauya Rikicin Kasuwancinka

Rikicin kasuwanci yakan faro ne daga abin da ake ganin za a iya kashewa da waya ɗaya. Kaya sun iso ba yadda aka yi alkawari ba, ɗan kwangila ya karɓi rabin kuɗi ya bar aiki a tsaye, abokin haɗin gwiwa ya daina nuna lissafi, ko wani kamfani ya danne bashi wata da watanni yana ta kawo uzuri. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mutum yakan kira lauyan da ya yi masa rajistar kamfani ko ya rubuta masa takardar haya. Wannan lauya yana iya zama gwani a fanninsa, amma rubuta yarjejeniya daban, tsayawa gaban alƙali a kare ta kuma daban. A Ingila ma bisa al'ada aikin ya rabu gida biyu, akwai masu zama da kai a ofis su shirya takardu, akwai masu tsayawa a kotu su yi jayayya su titsiye shaidu.

A ganina yawan shekarun da lauya ya yi da kammala makaranta ba su ne gogewa ba. Wani ya shekara ashirin yana shari'ar gado da filaye, bai taɓa zama da akanta sun bi lissafin kamfani layi-layi ba. Gogaggen lauyan kasuwanci ana gane shi ne tun a zaman farko, ta irin tambayoyin da yake yi, kuma babbarsu ita ce: idan mun yi nasara, daga ina za a biya ka? Hukunci takarda ce kawai. Idan wanda kake ƙara kamfani ne da babu komai a asusunsa, gidajensa suna jingine a banki, motocinsa na haya ne, to za ka kashe kuɗi da shekaru ka karɓi hukuncin da ba zai zama ko sisi ba. Lauyan da ya san aikinsa zai duba rajistar kamfanin, ya ga waɗanda suka riga ka bin sa bashi da jingina a hannunsu, ya bincika ko an fara shirin rushe shi, kafin ya ce maka a shigar da ƙara.

Daga nan sai ya duba wanda ya sa hannu. Tun shari'ar Salomon da aka yanke a Ingila a 1896, ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce kamfani mai rajista mutum ne mai zaman kansa a idon doka, bashinsa ba bashin mai shi ba ne. Saboda haka attajirin da ka yi ciniki da shi ido da ido yana iya zama ba shi ne ke cikin yarjejeniyar ba, wani ƙaramin kamfaninsa ne. Sai dai idan ya sa hannu cewa ya tsaya wa kamfanin da kansa. Shigar da ƙara da sunan da ba daidai ba kuskure ne da ke kashe shari'a tun ba a taɓa gundarin maganar ba.

Ka je zaman farko da yarjejeniyar da duk gyare-gyaren da aka yi mata, da rasit, da takardun isar da kaya, da bayanan banki, da saƙonnin imel da na WhatsApp, da kuma shafi ɗaya ko biyu da ka jera abin da ya faru kwanan wata bayan kwanan wata. Kada ka ɓoye takardar da ba ta yi maka daɗi ba. Abokin shari'arka yana da kwafinta.

Ka lura da inda zai fara buɗewa a yarjejeniyar. Gogagge yakan tsallake zuwa shafukan ƙarshe, wurin da yawancin 'yan kasuwa ba sa karantawa, domin a can ake rubuta dokar ƙasar da za a yi aiki da ita da kuma wurin da za a kai rikici. Yarjejeniyoyi da yawa sun ce ba kotu za a je ba, alƙalan sasanci ne da ɓangarorin biyu za su zaɓa za su saurara su yanke hukunci, alal misali ƙarƙashin dokokin cibiyoyin sasanci irin su ICC, ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya mai hedikwata a Faris, ko LCIA ta Landan. Idan ka garzaya kotu alhali akwai wannan sharaɗi, ɗaya ɓangaren zai nemi a dakatar da ƙarar, kuma galibi za a dakatar. Wannan hanya ta alƙalan sasanci tana da amfaninta, musamman idan kadarorin abokin cinikin suna wata ƙasa, domin ƙasashe sama da 170 sun shiga Yarjejeniyar New York ta 1958 da ta wajabta musu amincewa da irin wannan hukunci da zartar da shi. Hukuncin kotun wata ƙasa ba shi da wannan gata ko'ina. Amma ku ne za ku biya alƙalan da cibiyar, kuma ƙofar ɗaukaka ƙara kusan a rufe take. Lauyan da bai taɓa gudanar da irin wannan zama ba kada ya koya a kan shari'arka.

Sai wa'adi, wanda ba ya jiran kowa. A Ingila dokar 1980 ta ba da shekara shida don ƙarar saɓa yarjejeniya ta yau da kullum. A Kalifoniya shekara huɗu ce ga rubutacciya, biyu ga ta baka. Yarjejeniyar kanta tana iya sa wa'adi mafi gajarta, ta ce a sanar da ɗaya ɓangaren a rubuce cikin kwana kaza ko a rasa haƙƙi. A cinikin kaya tsakanin ƙasashe ƙarƙashin Yarjejeniyar birnin Biyana (Vienna) ta 1980, mai saye da bai sanar da aibin kaya cikin lokacin da ya dace ba ya rasa damarsa, kuma bayan shekara biyu da karɓar kayan ƙofar ta rufe, sai idan akwai garanti da ya wuce hakan. Idan kuma kai aka kai ƙara, lokacin ya fi matsewa. A kotunan tarayya na Amurka kwana 21 ne bayan an miƙa maka sammaci. Wanda ya ajiye sammaci a aljihun tebur yana jiran a sasanta a bayan fage zai iya wayar gari an yanke hukunci a bayan idonsa.

Kai ma kana da tambayoyin da za ka yi. Shari'o'i irin taka nawa ya kai har ƙarshe, aka saurari shaidu aka yanke hukunci? Ya taɓa tsayawa ɓangaren wanda ake ƙara, ko kullum shi ne mai ƙara? Wanda ya zauna a kujerun biyu ya san dabarun da za a yi maka. Wa zai riƙe fayil ɗin kullum? A manyan ofisoshi babban lauya ne ke tarbarka, ƙananan ne ke aikin. Wannan ba laifi ba ne, har ma ya fi sauƙin kuɗi, amma ka san sunansu kuma ka san wanda zai miƙe ranar sauraro. Ka ba shi sunayen duk masu hannu a rikicin kafin ka buɗe cikinka, ya duba ko ofishinsa yana yi wa ɗayansu aiki, domin idan yana yi dole ya janye. Ka kuma duba rajistar hukumar lauyoyi ka tabbatar lasisinsa na aiki a inda za a yi shari'ar.

Ka ce ya gaya maka raunin shari'arka. Wanda ya ce maka nasara tabbas ce tun bai ga takardun ɗaya ɓangaren ba, ka tashi ka ba shi wuri.

Maganar kuɗi ita ce inda aka fi ɓatawa tsakanin lauya da wanda ya ɗauke shi, kusan kullum saboda ba a rubuta ba. Wasu suna caji da awa, kuma ofisoshi da yawa suna lissafi ne da minti shida-shida, wato gajeren kiran waya ma yana shiga. Wasu suna yanka farashi mataki-mataki: wasiƙar neman biya, shigar da ƙara, musayar takardu, sauraro. Wasu kuma suna karɓar kaso daga abin da aka samu, a Amurka galibi wajen kashi ɗaya cikin uku, sai dai ba kowace ƙasa ta halatta wannan ba, kuma ba ya yi wa wanda ake ƙara amfani. Kowanne aka zaɓa, takardar da za ku sa wa hannu ta fayyace ko kuɗin kafin alƙalami za a riƙa cirewa ne daga ciki a mayar maka da ragowa, ko kuwa ya tafi ke nan. Ta fayyace ko ɗaukaka ƙara da zartar da hukunci suna ciki, domin galibi ba sa ciki. Ta kuma ware kuɗaɗen da ba na lauya ba ne, irin su kuɗin kotu, tafinta, tafiye-tafiye da ƙwararrun shaidu. Akantan bincike ko injiniyan da zai rubuta rahoto kan asarar da ka yi yana iya cin kuɗi mai yawa, kuma ba tare da shi ba da wuya alƙali ya yarda da ribar da ka ce ka rasa. Ka nemi kiyasi na kowane mataki da takardar caji duk wata mai nuna wa ya yi me da tsawon lokacin da ya ɗauka.

Ka tambaya wa ke biyan kuɗin shari'a idan an kayar da kai. A Ingila wanda ya faɗi yakan biya kaso mai tsoka na kuɗin lauyan wanda ya yi nasara. A Amurka kowa ya ɗauki nasa, sai idan yarjejeniya ko wata doka ta ce akasin haka. Wannan bambanci kaɗai yana iya sauya lissafin ko ƙarar ta cancanci a shigar da ita.

Daga ranar da ka ga alamun shari'a, kada a goge komai. A dakatar da tsarin da ke share tsofaffin saƙonni da kansa, a adana wayoyi da kwamfutocin ma'aikatan da suka bar aiki. Alƙali yana iya ɗaukar goge saƙo a matsayin alamar cewa abin da ke ciki ba ya goyon bayanka, ko da babu komai a ciki. A kuma daina tattauna rikicin a rubuce tsakanin ma'aikata, domin a wurare da yawa za a tilasta maka miƙa waɗannan saƙonni. Abin da ke tsakaninka da lauyanka sirri ne da doka ta kare, amma da ka tura shawararsa ga wani na waje kana iya zubar da wannan kariya. Lauyan cikin gida na kamfani ma ba ko'ina yake da ita ba, kotun Tarayyar Turai ta yanke haka a shari'ar Akzo Nobel a 2010 game da binciken gasar kasuwanci.

Idan akwai hujjar cewa abokin shari'ar yana kwashe kuɗi yana ɓoyewa, a wasu ƙasashe ana iya neman umarnin gaggawa na hana taɓa kadarorinsa, irin wanda kotunan Ingila suka fara bayarwa a 1975. Makami ne mai kaifi biyu. Dole ka bayyana wa alƙali komai har da abin da ba ya goyon bayanka, kuma ka ɗauki alkawarin biyan diyya idan daga baya aka ga bai kamata a bayar ba.

Yawancin rikice-rikicen kasuwanci sulhu ne ke kashe su kafin ranar hukunci, don haka lauyan da ya kawo maganar sulhu ba ragon lauya ba ne. Abin dubawa shi ne yadda zai rubuta shi. Adadin da ranar biya su fito ƙarara, a sa abin da zai biyo baya idan aka tsallake kashi ɗaya na biya, a samu jingina ko wanda zai tsaya, kuma inda doka ta ba da dama a kai sulhun kotu ya zama hukunci, yadda idan aka saɓa za a tafi kai tsaye ga kama kadara ba sai an sake sabuwar ƙara ba. Karɓa ko ƙin tayin sulhu shawararka ce, ba ta lauya ba, kuma wajibi ne ya sanar da kai duk tayin da aka kawo.

Idan tafiya ta yi nisa ka ga ba a dawo maka da kira, ana neman ɗage zama ba tare da an gaya maka dalili ba, kana da ikon sauya lauya. Ka fara samun sabon kafin ka sallami tsohon, ka guji yin haka dab da ranar sauraro, kuma ka daidaita lissafin da ke tsakaninku, domin a wurare da dama lauya yana da ikon riƙe fayil har sai an biya shi.