Ware gashi kafin a taɓa gam

Shagon kwalliyata yana Zoo Road a Kano, kuma duk yarinyar da ta zo koyon sa ƙarin gashin ido, ba na ba ta gam sai hannunta ya iya ware gashi ɗaya daga cikin 'yan'uwansa.

Fatar ido ta sama tana ɗauke da gashi kamar 90 zuwa 160, kuma ba tare suke girma ba. Wani ya tsufa yana shirin faɗuwa, wani yanzu ya tsiro. In gam ya haɗe biyu, wanda ke girma zai yi ta jan ɗayan har ya tuge shi. A nan ne mace za ta dawo tana cewa, "Anti, idona yana tsikarata." In aka yi ta maimaitawa, wurin yana iya zama fili, abin da ke ci mini rai ke nan, don ido amana ne.

Da farko ina wanke kwalli tas, domin gam ba ya kama gashi mai maiƙo, sannan in rufe gashin ƙasa da filasta. Matsefata biyu nake riƙewa. Ta hagu ta buɗe hanya gashi ɗaya ya tsaya shi kaɗai, ta dama ta ɗauko ƙarin, ta ɗan tsoma gindinsa a gam, ta ɗora shi a kan gashin da aka ware, nesa da fata da rabin milimita zuwa ɗaya. Hannun hagu ba ya saki sai gam ya kama. Kuma ba na bin na kusa da shi nan take, sai in tsallaka can gefe ko ɗaya idon.

Gam ɗin nan da danshin iska yake bushewa. Da hunturu, Kano ta bushe ƙayau, yakan yi jinkiri, dole ki ƙara riƙewa, in ba haka ba gashi ya koma ya manne. Da damina kuwa saurin kamawa yake, sai hannu ya yi sauri.

Amare su ne masu gaggawa, ga kamu, ga 'yan rakiya suna jira a ƙofa. Nakan gaya musu tun farko aikin zai ci awa 2. Kafin amarya ta tashi sai na bi gashin ɗaya bayan ɗaya, duk inda biyu suka haɗe na raba su.