Gawayi Na Gyara Ɗanɗanon Ruwa, Amma Ba Ya Kashe Kwalara

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa na Sakkwato. Ina gaishe ku daga Ingila, da fatan kowa yana lafiya. Yaya zafi?

Akwai wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp: a huda bokiti, a jera tsakuwa da yashi da gawayi, a zuba ruwan famfo ta sama ya fito ta ƙasa garau, a ce an samu ruwan sha. Wasu kuma sun ce in aiko musu da butar tace ruwa irin ta Brita da ake ajiyewa a kicin a nan. Zan aiko in Allah Ya yarda, amma mu yi magana tukuna, domin abin da butar ke yi a Landan daban ne da abin da ake nema gare ta a Mabera ko Runjin Sambo.

Gawayin da ke cikin butar ba irin na mai shayi ko mai tsire ba ne. Sarrafaffe ne. Ana ƙona ƙoƙon kwakwa ko itace inda iska ba ta shiga, sannan a bi shi da tururi mai zafin digiri 800 zuwa sama, har jikinsa ya cika da ƙofofin da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa cikin waɗannan ƙofofi, giram ɗaya tak yana iya kai faɗin murabba'in mita 1,000. A nan ne wari da ɗanɗano da wasu magungunan feshin gona ke maƙalewa in ruwa ya ratsa. Gawayin kasuwa bai kama ƙafar wannan ba, kuma ba ka san da wane itace aka ƙona shi ba, ko kusa da wane galan na kananzir ya kwana.

Babban aikin sarrafaffen gawayi shi ne cire kulorin, wato maganin nan da ma'aikatar ruwa ke sa wa don kashe ƙwayoyin cuta, wanda muke ƙorafin yana sa ruwa warin asibiti. To a nan gizo ke saƙa. Bature yana buɗe famfo dare da rana, ruwan ya zo masa a tsarkake, ya tace don shayinsa ya yi daɗi, ya shanye nan take. Mu kuwa famfo sai ranar da ya ga dama. In ya zo a cika randa da duro da jarkoki, a yi kwana da kwanaki ana sha, yara na tsoma moɗa da hannu. Ɗan kulorin da ya rage a ciki shi ke gadin ruwan a tsawon kwanakin nan. Wanda ya tace da gawayi sannan ya juye a randa ya sallami maigadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Kuma gawayi ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifod. Hasali ma in ya daɗe da danshi, a zafi irin namu na watan Afrilu, ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a cikinsa. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka samu mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya taɓa. Ruwan da ke ɗauke da wannan cuta yana iya zama fari tas.

Masu rijiya da burtsatse, da masu saye wurin 'yan garuwa ba tare da sanin inda aka ɗebo ba, ga ƙari: gawayi ba ya cire gishiri-gishirin ruwa, ba ya cire naitiret, wani sinadari da ke tsiyayowa daga salga ko takin zamani. Shi naitiret ko tafasawa ba ta korarsa, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Rijiyar da ke maƙwabtaka da salga, gwaji take buƙata.

Ni a ganina tsarin ne ya kamata a juya. Ruwan da ya zo da jar ƙasa, kamar yadda na kogin Rima ke yi da damina, a bar shi ya kwanta, ko a sa masa dakakken ƙwallon zogale, a tsiyaye ta tsaftataccen ƙyalle. Daga nan a kashe cutar: a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa WaterGuard, wato ruwan kulorin na tsarkake ruwan sha, yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira minti 30. Na san kuɗin icce da gas ba wasa ba ne. Amma rana kyauta ce, kuma Allah Ya hore mana ita: ruwan da ya riga ya washe, a zuba a gorar roba garai-garai wadda ake hango cikinta, a kwantar a kan rufin kwano awa 6 cikin rana sosai, in akwai hadari a bar shi kwana 2. Gawayi shi ne na ƙarshe, a tace iya wanda za a sha a ranar kawai.

Sai maganar da masu tallar ba sa so a yi. Gawayin yana cika, kuma ba ya nuna alama. Kwanson gawayin da ke cikin butar Brita, kamfanin da kansa ya ce a sauya shi bayan kamar sati 4. Wankewa da shanyawa ba sa mayar da shi sabo. Don haka duk wanda zan aika wa butar, ya fara leƙa kasuwa ya ga ko ana samun kwanson canji da nawa ake sayarwa, ya gaya mini kafin in biya kuɗin kaya.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

Ɗan'uwanku a Ingila