Alawar mapul, da yadda na koyi janye hannu daga tukunya

A shekararmu ta biyu a Gatino, garin nan na lardin Kwebek da kogi kawai ya raba shi da Otawa, babban birnin Kanada, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ana saura kwana uku Kirsimeti. Tana riƙe da faranti rufe da ƙyalle. Da Babbar Sallah mun aika mata soyayyen nama da cincin, ashe abin ya zauna mata a rai. Da na buɗe sai ga wata alawa an yanka ta ƙanana-ƙanana, launinta kamar na mazarƙwaila, da ɓarzajjiyar gyaɗar nan ta Turawa da ake kira wolnot a ciki. Na tambaye ta abin da ke ciki, ta lissafa mini da yatsu: ruwan mapul (ruwan zaƙin da ake tatsa daga bishiyar mapul), kirim na madara, bota, gyaɗa, sai ɗan gishiri. Na jefa ɗaya a baki. Ban kai ga taunawa ba ta narke, ba tsaki ko ɗaya a harshe, sai wani ƙamshi mai kama da na rake da aka daɗe ana dafawa. Ta ce su sucre à la crème suke ce mata, masu Ingilishi kuma su ce faj. Yawancin gidaje da jan sukari suke yi, amma ita a hannun mahaifiyarta ta koya, kuma da zallar mapul suke yin tasu.

A gidanmu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. A wannan shekarar dubulan na zuba mata. Amma tun a ranar na ƙudurta cewa baɗi da irin alawarta zan cika farantin.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai yi wuya ya gane matsayin mapul a wurin mutanenta. Ganyen bishiyar ne a tsakiyar tutar Kanada tun 1965, kuma lardin Kwebek kaɗai ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan mapul na duniya. A watan Maris zuwa Afrilu ake tatsarsa, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta ɗan saki. A huda jikin bishiyar, ruwa ya riƙa ɗiga, fari tas kamar ruwan sha, zaƙinsa kaɗan ne ƙwarai. Sai an dafa kimanin lita 40 kafin a samu lita ɗaya mai kauri, wadda sukarin cikinta ya kai kashi 66 cikin ɗari. 'Yan asalin ƙasar ne suka fara sanin wannan aiki tun kafin zuwan Turawa. Ranar da muka kai yara wata bukkar dahuwar mapul a daji, na tsaya kan manyan kaskunan da tururi ke tashi, sai masu dafa mazarƙwaila na ƙauyukanmu suka faɗo mini a rai. Aikin ɗaya ne, a kori ruwa a bar zaƙi. Shi ya sa kowane cokali ke da tsada, kuma shi ya sa abin da ya faru da gwangwanina na farko ya yi mini ciwo.

Ma'aunin da ta ba ni mai sauƙi ne: gwangwani ɗaya na mapul, irin na mililita 540 da ake sayarwa ko'ina a Kwebek, kofi ɗaya na kirim mai maiƙo kashi 35, bota babban cokali biyu, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, da kofi ɗaya na wolnot. Ta ja mini kunne kan ruwan zaƙin roba da ake zuba wa fanke, wanda na masara ne aka sa masa ƙamshi. Su 'yan Kwebek sirop de poteau suke ce masa, wai kamar daga turken lantarki aka tatso shi. Ban sa banila ba, don yawancin ta kwalba da barasa ake jiƙa ta, kuma mapul ba ya buƙatar wani ƙamshi ya taya shi.

Na shiga kicin farkon Disamba da ƙwarin gwiwa, don tun ina 'yar shekara goma nake yin tuwon madara da gullisuwa a gaban Inna. Abin da ta fi nanata mana shi ne kada hannu ya bar muciya. Madara ba ta yafe sakaci, kina waiwayawa ta kama. Wannan horon ya shiga jikina har ba na sanin ina yi. Na juye mapul da kirim a matsakaiciyar tukunya, na kunna wuta, na kama juyawa. Da ya tafasa sai kumfa ta taso kamar za ta ninka uku, ta malala a kan murhu ta ƙone. Na rage wuta na ci gaba da juyawa, ina kankaro abin da ya manne a gefen tukunya ina mayarwa ciki. Da ya yi kauri na sauke, nan take da zafinsa na shiga bugu, na zuba gyaɗa, na juye a faranti. Ta daskare kuwa, har na yi murna. Da na ɗanɗana sai na ji kamar an kwaɓa yashi da zuma. Maigida ya ce zaƙin dai ya yi. Ni na san ba ita ba ce.

Washegari na ɗauki guntu na hau wurin maƙwabciyar. Ta murza shi tsakanin yatsu, ba ta ko kai baki ba, ta ce: "Kin juya tana tafasa, ko?" Na ce eh, Madam, tun daga farko har ƙarshe. Ta ce to a nan matsalar take. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani, daga baya ɗana na fari ya ƙara mini da abin da suka koya a ajin kimiyya, sai abin ya zauna mini daram.

Idan aka dafa mapul har ruwansa ya ragu, sukarin da ke narke a ciki ya fi ƙarfin abin da ruwan zai iya riƙewa. Jira kawai yake ya sami dalili ya koma ƙwaya. Juyawa dalili ce. Busasshen sukarin gefen tukunya da na riƙa kankarowa ma dalili ne, don ƙwaya ɗaya tak in ta faɗa ciki sai sauran su taru a jikinta. In hakan ta faru da zafi, ƙwayoyin kaɗan ne ke fitowa, amma sai su yi ta girma har harshe ya ji su. In kuwa aka bar shi ya huce ba a taɓa ba, ya yi kauri, sannan aka buga da ƙarfi, sai ƙwayoyi marasa adadi su fito lokaci guda, kowace ƙanƙanuwa ce har baki ba ya gane ta. Laushin nan da na ji a rana ta farko, ashe shi ma ƙwayar sukari ne, girmanta kawai ya bambanta. Tuwon madara kuwa lamarinsa daban, garin madara ne ke ba shi jiki, kuma tsoron kamu ne ke sa a yi ta juyawa. Na ɗauko dokar wata tukunya na kai wata.

A karo na biyu na ɗauko babbar tukunyar da nake dafa shinkafar baƙi, mai kaurin gindi, na shafa bota a bakinta ta ciki don kumfa ba ta cika haye maiƙo ba. Na juya har ya fara tafasa, daga nan na ajiye muciya can nesa a kan tebur, da gangan, don na san hannuna. Na maƙala ma'aunin zafi ina kallo. An ce a sauke a digiri 114 na ma'aunin Selsiyos. Ya kai, na sauke, na jira, na buga. Minti ashirin ina bugu, kafaɗa ta gaji, abu ya ƙi ɗaurewa. Ya kwana a faranti yana nan kamar kakkaurar zuma.

Wannan karon laifin ma'aunin ne, ko in ce rashin gwada shi da na yi. Na tafasa zallar ruwa na tsoma shi, maimakon 100 sai ya nuna 103. Ke nan a 111 na sauke, ruwa bai gama fita ba. Digiri uku ba komai ba ne a miya, amma a nan su ne tsakanin alawa da abin lasa. Tun daga ranar, kafin in buɗe gwangwani sai na tafasa ruwa na ga abin da ma'aunin ya ce, sannan in ƙara 14 a kai. Wannan lissafin ya fi haddace lamba, don a gari mai tudu irin Kalgari, da ya haura mita 1,000, ruwa ba ya kaiwa 100 yake tafasa. Kuma na koma ga gwajin da iyayenmu ke yi ba tare da wani ma'auni ba: a ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi, a tattaro da yatsa. In ya watse, da saura. In ya dunƙule ya yi taushi, kina ɗagowa ya baje a kan yatsa, ya yi. In ya yi tauri kamar tsakuwa, an wuce.

Ban zubar da na biyun ba. Na mayar da shi tukunya, na ƙara kirim cokali uku, na narkar da shi a wuta kaɗan har ya koma ruwa sarai, na sake dafawa. Da na san haka tun farko, da gwangwanin farko ma bai tafi a shayi ba, don mai yashin ma haka ake ceto ta.

Jiran nan shi ne abin da ya fi yi mini wuya, har yanzu. Ana saukewa sai a jefa bota a sama, kada a juya, kada a girgiza tukunyar, kada a ɗaga ta daga nan zuwa can. A bar ta ta sauko zuwa wajen digiri 43, yadda za ki iya ɗora tafin hannu a gindin tukunyar ki bar shi. A kicin ɗina yakan ɗauki kusan awa ɗaya. Maƙwabciyata takan sa tata a kwatami mai ruwan sanyi don ta yi sauri, ni dai na fi son in bar ta inda take. A wannan awar nake soya gyaɗar sama-sama a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, in bar ta ta huce, in ɓarza da hannu. Kada a raina wannan suyar. Ɗanyar wolnot tana da ɗan ɗaci a fatarta, kuma takan yi laushi a cikin alawa. Soyayyiya kuwa tana ƙaras-ƙaras, ita ke karya zaƙin. Na gwada pikan ma, wata 'yar'uwar wolnot, ta fi maiƙo da zaƙi, amma a wurina ɗan ɗacin wolnot ɗin ne ke sa a iya cin yanka na biyu. Sannan in shimfiɗa takardar gashi a ƙaramin farantin burodi in ajiye kusa, don in lokaci ya zo babu damar neman komai.

A nan ne hannun da Inna ta horar ya yi rana. Bugun alawar nan da tuƙin tuwo ba su da maraba, ƙarfi da naci yake so. Da farko tana ƙyalli, duhu-duhu, tana bin muciya kamar danƙo. Wajen minti takwas zuwa goma sai launin ya fara haske, ƙyallin ya dushe, muciya ta yi nauyi, har sautin bugun ya sauya. Daga dushewar ƙyalli zuwa sandarewa bai fi rabin minti ba. A lokacin ake watsa gyaɗa, a juya sau uku ko huɗu, a juye a danna da bayan cokali. Akwai ranar da na tsaya in ƙara bugu biyar don in tabbatar, sai ta ɗaure a tukunyar, da cokali muka riƙa ɓantarowa.

Wani abu da na gano a hankali shi ne launin mapul ɗin. Kala huɗu ake sayarwa, daga ruwan zinariya har zuwa mai duhu sosai na ƙarshen kaka. Zuciyata ta fi son mai duhun don ƙamshinsa ya fi ƙarfi, amma ya fi taurin kai wajen ɗaurewa, saboda wani kaso na sukarinsa ya riga ya rabe zuwa irin wanda ba ya saurin yin ƙwaya. Na tsaya a kan na biyu, wanda suke rubuta ambré a jikin gwangwaninsa.

Bayan awa biyu na ɗago ta da takardar, na yanka da wuƙa mai tsini ƙanana, don zaƙinta ba na babban yanka ba ne. Gwangwani ɗaya ya ba ni yanka talatin da 'yan kai. Na jera a gwangwanin biskit, takarda tsakanin kowane layi, na rufe ruf. Iska ce ke busar da ita, in an rufe da kyau takan yi mako guda ba ta sauya ba. A kan kowane murfi na rubuta cewa akwai gyaɗa a ciki, domin a ƙasar nan yara da yawa jikinsu ba ya karɓarta, har makarantu da dama sun hana shiga da ita. Na malaman yara kuwa daban na yi, babu gyaɗa, a wankakkiyar tukunya.

Ranar 23 ga Disamba na ɗauki farantinta na bara, wanda ya sake zuwa gidanmu da tuffa a kaka ban mayar ba, na jera alawar na rufe da ƙyalle na hau bene. Ta ɗauki ɗaya ta karya ta dubi cikin, ta sa a baki ta rufe ido. Ta ce gishirin ya ɗan fi na mahaifiyarta, kuma haka ta fi so. Sannan ta tambaye ni farar alawar nan da na ce Innata na yi da madara, ko zan nuna mata. Muka sa rana bayan Sabuwar Shekara. Da na kira Inna da daddare na ba ta labari, ta yi shiru tana saurare har na kai wurin da ake barin tukunya awa guda ba a taɓa ba. Ta ce: "Kuma ba ta kama ba?" Na ce ba ta kama ba, Inna, ai an sauke ta daga wuta. Ta ce in zan zo gida in taho mata da gwangwani biyu, tana so ta gani da idonta.